Daga Alƙali zuwa Alcalde: Garuruwa Huɗu na Sifaniya da Harshen da Ya Gaji Andalus

Yau Sifaniya muka nufa, ƙasar da da yawanmu muka sani ta hanyar Real Madrid da Barcelona. To amma ni yau zan ajiye ƙwallo a gefe. Garuruwa huɗu zan bi da ku, Kurɗuba da Ɗulaiɗila da Ishbiliya da Garnaɗa, waɗanda a taswirar yau ake rubuta su Córdoba, Toledo, Sevilla da Granada. A kowane gari zan faɗi abin da ya faru, da abin da mai ziyara zai tarar. Daga ƙarshe mu zo kan harshen, don duk wanda ya san wannan tarihin, koyon Sifaniyanci zai zo masa da ɗanɗano na daban.

Bari na fara da abin da ya sa nake ganin zancen ya shafe mu. Ishiriniya da ake rerawa a unguwanninmu, wanda ya tsara ta, Alfazazi, haifaffen Kurɗuba ne, ya rasu a 1230. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ake karantawa a zaurukanmu, riwayar Yahaya bin Yahaya Allaisi ce, malamin Kurɗuba da ya rasu a 848. Alfiyya ta nahawu, mai ita Ibnu Malik, a garin Jayyan aka haife shi, wato Jaén ta yau. Tuhfa da alƙalanmu suke dubawa, ta Ibnu Asim ce, alƙalin Garnaɗa. Shi kuwa Alƙali Iyal mai Ashafa, a Sabta aka haife shi, garin da yau ake kira Ceuta, kuma ya taɓa yin alƙalanci a Garnaɗa. Kun ga ke nan, almajirin da bai taɓa wuce Zariya ba ya daɗe yana zaune da mutanen Andalus a kan buzu ɗaya.

To ya abin ya fara? A shekarar 711 Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka ruwan da ya raba Maroko da Sifaniya, wanda a inda ya fi tsukewa bai wuce kilomita 14 ba. Dutsen da ya sauka a gindinsa shi ne Jabal Ɗariƙ, sunan da bakin Turawa ya mayar Gibraltar. Mafi yawan rundunarsa Barbar ne na Arewacin Afirka. Cikin 'yan shekaru daular Visigoth da ke mulkin ƙasar ta rushe. A 756 Abdurrahman Addakhil, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsira daga takobin Abbasawa a Sham, ya kafa mulkinsa a Kurɗuba.

Kurɗuba ita ce zangonmu na farko. Abdurrahman ya fara gina babban masallacin garin wajen 785, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa shi kusan shekara ɗari biyu. Yau in ka shiga, ginshiƙai sama da 850 za ka tarar, kowane jeri ɗauke da baka biyu, ɗaya bisa ɗaya, ja da fari. Dalilin baka biyun nan mai sauƙi ne: ginshiƙan da suka samu daga tsofaffin gine-ginen Rumawa gajeru ne, sai magina suka ɗora baka a kan baka don rufin ya yi sama. Mihirabin da Alhakam na biyu ya gina yana nan da adonsa na ruwan zinariya. A 929 Abdurrahman na uku ya kira kansa Halifa, ya kuma gina sabon birnin fada a bayan gari, Madinatuz Zahra, wanda kufansa yana nan ana ziyarta.

Amma fa a san abu ɗaya kafin a je. Tun 1236 da Sarki Fernando na uku ya ci garin aka mayar da masallacin majami'a, a 1523 kuma aka fara gina babbar coci a tsakiyarsa. Har gobe Cocin Katolika ke riƙe da wurin, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin mai gadi.

Halifancin Kurɗuba bai faɗi da takobin baƙo ba. Rikicin gado da na sojoji ne suka cinye shi, a 1031 ya watse, ƙasar ta dare gida-gida, kowane gari da sarkinsa, wasu har suna biyan sarakunan Kirista na arewa haraji don a kare su daga maƙwabtansu Musulmi. Ai kuwa a 1085 Alfonso na shida ya shiga Ɗulaiɗila.

Ga abin da ya sa Ɗulaiɗila take da muhimmanci a tarihin harshen. Sababbin masu mulki sun tarar da ɗakunan littattafai na Larabci, da Kiristoci da Yahudawa masu jin Larabci kamar 'yan gida. Sai aikin fassara ya kankama. Wani malami daga Italiya, Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya zauna a garin ya fassara littattafai da dama zuwa Latin, har da Ƙanun na Ibnu Sina a fannin likitanci. A ƙarni na 13 Sarki Alfonso na goma ya sa aka riƙa fassarawa zuwa harshen Kastiliya, harshen kasuwa da gida, har da Kalila wa Dimna. Wannan harshen na Kastiliya shi ne Sifaniyancin yau. Wato dai ya koyi zama harshen ilimi ne ta hanyar ɗauko kaya daga Larabci. Daga Madrid zuwa Toledo kusan rabin awa ne a jirgin ƙasa, kuma a cikin ganuwa za ka ga wani ɗan ƙaramin masallaci na shekarar 999, wanda yau ake kira Cristo de la Luz, ga majami'un Yahudawa biyu, ga babbar coci, duk tafiyar ƙafa.

Faɗuwar Ɗulaiɗila ta firgita sarakunan Andalus, suka nemi agaji daga Murabiɗun, mutanen Sahara masu rufe fuska da rawani. Yusuf bin Tashfin ya tsallako ya ci yaƙin Zallaƙa a 1086, daga baya ya tuɓe sarakunan da suka kira shi. Bayansu Muwahhidun suka zo suka mayar da Ishbiliya hedikwatarsu a Andalus. Hasumiyar masallacinsu, da aka gama a 1198, ita ce Giralda ta yau. In ka hau ta za ka lura gangare ne ake bi yana zagayawa, ba matakala ba. Garin ya faɗi a 1248. Abin mamaki, fadar da ta fi kyau a Sevilla, wadda ke cikin Alcázar, sarkin Kirista ne ya gina ta, Pedro na ɗaya, wajen 1364, da hannun magina Musulmi, har da rubutun Larabci a bango. Kogin da ya ratsa garin kuwa, Guadalquivir, Alwadil Kabir ne, babban kwari.

Sai Garnaɗa, wadda ta rage ita kaɗai har tsawon shekara kusan 250 a hannun Banu Nasr. Su suka gina Alhambra, wato Alhamra'u, ja. Tsakar gida mai zakuna 12 na dutse, ruwa na fita daga bakinsu, aikin Muhammad na biyar ne. A bango ko'ina taken gidan sarautar ne ake maimaitawa, cewa babu mai rinjaye sai Allah. Daga wannan gari Abu Ishaƙ Assahili ya fito, mawaƙin da ya haɗu da Mansa Musa a aikin Hajji na 1324 ya biyo shi Mali, ya rasu a Tumbuktu a 1346.

Ranar 2 ga Janairu 1492 sarkin ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa mabuɗan gari ga Fernando da Isabel. A dubi wannan shekara da kyau. A cikinta aka ba da umarnin korar Yahudawa. A cikinta Kolumbus ya tashi da jiragensa ya dira a nahiyar Amurka. A cikinta kuma Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawun Kastiliya na farko. Harshen da ya ci Garnaɗa shi ne ya hau jirgi ya tsallaka teku, shi ya sa yau daga Meziko har Ajantina shi ake yi.

Yarjejeniyar miƙa wuya ta yi wa Musulmin Garnaɗa alkawarin addininsu da shari'arsu. Ba a yi shekara goma ba aka karya ta. Kadinal Cisneros ya sa aka tara littattafan Larabci aka ƙone a dandalin Bib-Rambla, aka tilasta wa mutane shiga Kiristanci, aka sa musu suna Morisko. A 1567 Sarki Felipe na biyu ya haramta Larabci da suturarsu, abin da ya jawo tawayen duwatsun Alpujarras daga 1568 zuwa 1571. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kusan mutum 300,000 daga ƙasar. Shi ma Judar Basha, wanda ya jagoranci sojojin Maroko suka karya Songhai a Tondibi a 1591, haifaffen kudancin Sifaniya ne.

Yanzu ga abin da ya fi taɓa ni a duk labarin. Moriskon Aragon da Kastiliya, da Larabci ya suɓuce musu, sai suka riƙa rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, suna ɓoye littattafan. Sunan wannan rubutu aljamiado, daga kalmar al'ajamiyya. Ajami ke nan, jama'a, irin namu sak. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a garin Almonacid de la Sierra suka ɗaga daɓen katako suka tarar da tarin irin waɗannan littattafai, an ɓoye su tun kafin kora. Mu namu Ajamin ba wanda ya hana mu shi da doka, amma nawa ne cikinmu suke iya karanta takardun kakanninsu?

An kori mutanen, amma kalmominsu sun ƙi fita. Masana harshe suna ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu asali da Larabci sun kai kusan 4,000. Kuma kamar yadda Bahaushe ya aro kalma ya haɗa da "al" ɗinta, ya ce albasa, alkama, aljihu, haka su ma suka yi. Alƙali namu shi ne alcalde nasu, sai dai a can magajin gari ake nufi. Albishir namu, albricias. Sukari, azúcar. Hatta, hasta. Miskini, mezquino, amma a wajensu ta koma marowaci, don haka a yi hattara. Man girki aceite ne, daga azzait, matashin kai almohada. In suna fatan abu ya faru sai su ce ojalá, kalmar da sunan Allah ke cikinta. Wane kuwa fulano suke cewa, daga fulan na Larabci, ba ruwanta da 'yan uwanmu Fulani.

To mai son koyo fa? Ni a ganina Bahaushe yana da sa'a a nan. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, kuma yadda aka rubuta haka ake karantawa. Harafin r mai kaɗawa da ke wahalar da Turawan Ingila, muna da shi a baki. Harafin j kamar kha na Larabci yake, h kuma ba a furta shi. Sunaye suna da jinsi, kuma galibin masu ƙarewa da a mata ne, yadda muke cewa riga ce, gona ce. Inda gumi yake shi ne aikatau, don yana sauya kama da kowane mai aiki da kowane lokaci, sai kuma ser da estar, kalmomi biyu da ke raba abin da mutum yake da halin da yake ciki a yanzu. Wannan sai da haƙuri da maimaici, irin na mai haddace Alfiyya.

Wurin koyo kuwa, Salamanca ta yi suna, jami'arta tun 1218 take. Jami'ar Granada, ta 1531, tana da cibiyar koyar da baƙi harsuna. Sai dai mutanen kudu suna haɗiye s ta ƙarshen kalma, ga sauri, don haka sabon kunne zai sha aiki a makonnin farko. A Barcelona kuma za ka ji Katalanci tare da Sifaniyanci, domin ƙasar tana da wasu harsunan, har da na Bask da na Galisiya. Takardar shaidar da aka sani a duniya ita ce DELE, wadda Cibiyar Cervantes ke gudanarwa, daga matakin A1 zuwa C2. Karatun da ya wuce kwana 90 sai da bizar ɗalibi. Kuma harshen yana kusa da mu fiye da yadda muke zato, don harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini, can gaban tekun Kalaba.

Ga masu ziyara, 'yan shawarwari. Tikitin Alhambra a saya ta intanet tun da sauran makonni, saboda ana ƙayyade lokacin shiga fadojin Banu Nasr, in ka makara shi ke nan. Jirgin ƙasa mai gudu, AVE, yana tashi daga Madrid ya bi ta Córdoba ya isa Sevilla cikin kusan awa biyu da rabi. Yuli da Agusta zafin kudu yana haura digiri 40, bazara da kaka sun fi daɗin yawo. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare tara ko goma. Naman alade yana shiga girki da yawa, don haka a riƙe kalmomin nan: cerdo, jamón, manteca, sannan a iya cewa sin cerdo, wato ban da alade. A unguwar Albaicín ta Granada akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga farfajiyarsa kana hango Alhambra gaba da gaba, kuma a nan kam za ka yi sallarka cikin natsuwa.

A nan zan dasa aya. Wanda yake da wani littafin Andalus da ake karantawa a zaurensu wanda ban ambata ba, ya faɗa mana sunansa da garin da ake karanta shi. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ko in ce muku yadda suke cewa, hasta luego.