Cutar Ƙin Cin Abinci ga Matasa: Matsayin Iyaye Wajen Jinya

Cutar ƙin cin abinci, wadda likitoci ke kira anoreksiya, ciwo ne da ke kama tunani kafin ya nuna a jiki. Mai ita yakan ji tsoron ƙiba mai tsanani, ya rage abinci har ya rame, amma yana ganin kansa mai ƙiba. Takwararta bulimiya kuwa, mutum ya ci da yawa ne, sannan ya jawo amai a ɓoye. Sun fi kama 'yan mata masu tasowa, ko da yake samari ma ba su tsira ba. Idan aka yi sakaci, cutar kan taɓa zuciya da ƙashi, takan kuma yi kisa.

A da, likitoci kan ɗora wa iyaye laifi, su raba yaro da gida. Asibitin Maudsley da ke Landan ya sauya wannan. Binciken da likitocinsa suka fitar a 1987 ya nuna cewa matasan da ciwon bai daɗe da kama su ba sun fi samun sauƙi idan an yi jinyar tare da iyalinsu. Tsarin mataki uku ne: iyaye su karɓi ragamar ciyarwa har jiki ya dawo, sai a mayar wa yaro ita sannu a hankali, daga ƙarshe ya koma harkokinsa na makaranta da abokai.

An kuma lura cewa gidan da ake yawan faɗa da gori, jinya kan yi wuya, har a bar ta a tsakiya. Gidan da uwa da uba suka haɗa baki, suka zauna da yarinya har ta gama ci ba tare da tsawa ba, nan aka fi dacewa.

A gidajenmu na Zangon Kwatano da Abomey-Calavi, inda yara kan ci a kwano ɗaya, da wuya a gane wanda ke taɓa tuwo kawai. Wata kuma takan fake da azumin nafila. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, saboda haka a tuntuɓi likita da malami tare.

Rama, ɗaukewar al'ada, jiri da gudun zama wurin cin abinci alamu ne. Wanda ya gan su ya fara da asibiti mafi kusa. Asibitin Jacquot a Kwatano yana duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Allah Ya ba mu lafiya.