Sunan Jirgi Na Gwamnati Ne, Sunan Kayan Aiki Na Masu Igiya

A watan Maris na 2016 hukumar binciken muhalli ta Birtaniya, NERC, ta buɗe wa jama'a fili a intanet su raɗa wa sabon jirginta na binciken teku suna, jirgin da zai ci fam miliyan 200. Wani tsohon mai gabatar da shiri a rediyon BBC ya jefa suna don raha: Boaty McBoatface, wato dai kamar a ce "Jirgi ɗan Jirgi mai fuskar jirgi". Wasa-wasa sunan ya tashi da ƙuri'a sama da 124,000. Gwamnati ta ce sam. Ministan kimiyya na lokacin, Jo Johnson, ya sanar a watan Mayu cewa jirgin zai amsa sunan Sir David Attenborough, dattijon nan mai shirye-shiryen namun daji, wanda a zaɓen ko na biyu bai zo ba. Don a lallashi masu ƙuri'a, sai aka liƙa sunan rahar a jikin wata na'ura ruwan ɗorawa mai nutso ba matuƙi. A 2017 na'urar ta yi tafiyar kilomita 180 a ƙarƙashin tekun da ke kewaye da Antatika, tana auna sanyin ruwa da yadda yake gauraya.

Ban ga laifin ministan ba. Sunan da ke jikin jirgi tuta ce, kuma mai biyan kuɗi ke zaɓen tuta. Haruffan RRS da ke gaban sunan ma suna nufin jirgin bincike na masarauta, kuma sai da izinin fada ake ɗora su. Amurka da ƙasashe da dama RV kawai suke sawa, Jamusawa kuma FS. Ɗabi'ar kowa tana fitowa a nan. Jamus ta kira nata Polarstern, tauraron arewa. Japan ta ce Chikyu, duniya sukutum. Faransawa sun fi kowa tsiwa da Pourquoi Pas?, wato "me zai hana?", sunan da suka gada daga jirgin mai bincike Jean-Baptiste Charcot da ya nutse a gaɓar Aisland a 1936. A Amurka kuwa bashi aka ci aka biya. Kumbon Atlantis ya ari sunansa ne daga jirgin farko na cibiyar binciken teku ta Woods Hole, kumbon Challenger kuma daga jirgin Ingila na ƙarni na 19. Yau jiragen binciken teku biyu na ƙasar suna amsa sunayen 'yan sama jannati, Neil Armstrong da Sally Ride.

To amma wanda yake son ya san mene ne jirgin, ya bar rubutun da ke gabansa ya saurari kalmomin da ake faɗa a bayansa, inda ake aiki. Kusan dukansu daga igiya suka fito.

Ɗauki zurfi. Ma'aunin da matuƙan Ingila suka yi ƙarnoni suna amfani da shi, asalin sunansa hannu biyu a buɗe, daga yatsan wannan zuwa yatsan wancan, ƙafa 6. Wannan shi ne gaba, wanda masu haƙar rijiya a ƙasar Hausa suke awo da shi, har ake yi wa malami mai zurfin sani kirari da rijiya gaba dubu. Ba aron juna aka yi ba. Duk wanda ya taɓa jan igiya daga rami da hannunsa zai auna ta. A ranar 23 ga Maris 1875 mutanen jirgin Challenger suka saki igiya mai dalma a yammacin tekun Fasifik, ba ta taɓa ƙasa ba sai a gaba 4,475, mita 8,184 ke nan. Ramin da ke wannan yanki, mafi zurfi a duniya, kusan mita 11,000, sunan Challenger yake amsawa. Gudu ma haka. Har yau da "ƙulli" ake faɗinsa, domin da can igiya mai ƙulle-ƙulle ake saki a bayan jirgi, a ƙirga nawa suka wuce kafin yashin agogo ya ƙare. Ƙulli ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Jirgin Attenborough, mai tsawon mita 129, yana iya fasa ƙanƙara mai kaurin mita 1 yana tafiyar ƙulli 3.

A tsakiyar wannan jirgi akwai rami mai faɗin mita 4 kowane gefe, wanda ya huda shi tun daga sama har ruwa. Turawa suna ce masa "tafkin wata", suna mai daɗi wanda ba ya gaya maka komai. Rijiyar jirgi ce. Amfaninta shi ne, idan ƙanƙara ta yi wa jirgi zobe ko igiyar ruwa ta yi ƙarfi, a zura kayan awo ta nan maimakon ta gefe.

Abin da aka fi zurawa, ta rijiya ko ta gefe, shi ne wanda kowa ke kira da haruffa uku, CTD, kuma a nan suna ya ɗan yi wayo. Haruffan suna nufin yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, da zafinsa, da zurfi. Gishiri ake nema, amma babu gishiri a sunan: ana gano shi ne daga lantarkin, don ruwa mai gishiri ya fi ɗaukarsa. Zurfin ma ba shi na'urar ke aunawa ba. Nauyin ruwan da ya danne ta take ji, kwamfuta ta mayar da shi mita. Kewaye da ita akwai kwalaben roba, yawanci 12 ko 24, a buɗe sama da ƙasa, waɗanda ake rufewa ɗaya bayan ɗaya a zurfin da ake so. Sunansu kwalbar Niskin, daga Shale Niskin na Amurka da ya ƙera ta a shekarun 1960. Ita ta ture kwalbar Nansen ta ƙarfe, wadda ba ta rufuwa sai an sako mata wani ɗan dunƙulen ƙarfe ya silalo ta jikin waya ya buge ta ta juye. Sunan wannan dunƙule "ɗan aike". A ganina babu sunan da ya kai shi dacewa a duk jirgin. Ruwan da aka ɗebo kuwa jiƙaƙƙen ɗakin gwaji ake kai shi, mai magudana a ƙasa. Busasshen ɗaki na kwamfutoci ne, ɗigon ruwan gishiri ba ya shiga.

Wani zai ce zamanin igiya ya wuce, tunda yanzu da amo ake zana taswirar ƙasan teku. Gaskiya ne na'urar da ke manne a ƙasan jirgi tana watsa ɗaruruwan zaren sauti lokaci guda, ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. Shi ya sa ake gina jiragen nan su yi shiru, injin dizal ya ba da lantarki, lantarki ya juya farfela. Sai dai gudun sauti a ruwa, kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, yana sauyawa gwargwadon zafi da gishiri da zurfi. Idan ba a san waɗannan ba taswira za ta karkace, don haka dole a sake zura na'ura da waya a auna. Aikin ba ya sauri. Shirin Seabed 2030, mai burin kammala taswirar ƙasan teku, ya sanar a 2023 cewa abin da aka zana da kyau bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.