Yaƙin Adwa Na 1896: Yadda Habasha Ta Tsare 'Yancinta

Gabatarwa

Malaman makaranta sukan tambaye ni dalilin da ya sa Habasha ta kuɓuta daga hannun Turawa a zamanin da suka yi wa Afirka rabon ganima, alhali dauloli masu ƙarfi irin Sakkwato da Borno da Ashanti sun faɗi. Amsar da nake bayarwa ita ce a dubi yaƙin da aka gwabza a duwatsun Adwa ranar Lahadi, 1 ga Maris, 1896, musamman shirin da ya gabace shi.

Musabbabin Yaƙin

Italiya ta kama tashar jiragen ruwa ta Masawa a bakin Bahar Maliya a 1885, daga nan ta riƙa kutsawa tudu har ta kafa ƙasar da ta kira Iritiriya, a kan iyakar arewacin Habasha. A watan Mayu na 1889 Sarki Menelik na Biyu ya ƙulla yarjejeniya da ita a garin Wucale. An rubuta takardar da harsuna biyu, kuma a sashe na 17 aka binne gatarin. Na harshen Amhara ya ce Sarki yana iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da ƙasashen Turai in ya so. Na Italiyanci kuwa ya wajabta masa hakan. Da wannan ne Italiya ta shelanta wa Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta. Duk wanda ya yi aikin ofis kamar yadda na yi shekara da shekaru ya san ɓarnar da kalma guda ke yi a takardar da aka sa wa hannu. Da Menelik ya gane, sai ya yi ƙorafi, a 1893 kuma ya soke yarjejeniyar ɗungurungum.

Shirin Menelik

Menelik bai yi gaggawar ɗaukar makami ba. Ƙasarsa tana farfaɗowa ne daga yunwar 1888 zuwa 1892, wadda annobar shanu ta haddasa, wato annobar nan da ta ƙaraso har ƙasarmu ta ƙarar da garken Fulani. Ya yi shekaru yana sayen bindigogin zamani da harsashi daga Faransa da Rasha, har da Italiyar kanta.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi bindiga, shi ne haɗa kan sarakuna. Italiya ta sa rai za ta raba su. Ras Mangasha na Tigirai ɗan Sarki Yohannes ne, yana ganin ya fi Menelik cancantar gadon mulki. Duk da haka da aka buga tambarin yaƙi a watan Satumba na 1895, shi da Ras Alula da Ras Mika'el na Wallo da Takla Haimanot na Gojam da Ras Makonnen na Harar duk suka fito. An tara mayaƙa kimanin 100,000. A Disamba suka murƙushe rundunar Italiya a Amba Alagi. A Janairu suka kewaye sansanin Makale, suka tsare rijiyar da ake sha bisa shawarar Sarauniya Taitu, har ƙishirwa ta sa Italiyawa suka fice.

Ranar Gwabzawa

Zuwa ƙarshen Fabrairu rundunonin biyu suna kallon juna, guzuri ya kusa ƙare wa kowa. Menelik ya ƙi auka wa ganuwar Italiyawa domin ya san igwa za ta cinye mutanensa. Da Janar Baratiyeri ya ƙara haƙuri na 'yan kwanaki, da yunwa ta watsa taron Habashawa. Amma Firayim Minista Kirisfi, yana zaune a Roma, ya aiko masa da waya ta zargi yana neman nasara ko ta halin ƙaƙa.

Daren 29 ga Fabrairu Baratiyeri ya fito da soja kimanin 17,000, da Turawa da askarawan Iritiriya, ya kasa su huɗu. Taswirarsu ba ta da kyau, ga duhu, ga duwatsu. Rundunar Janar Albaton ta zarce inda aka ce ta tsaya da nisa, gari ya waye mata ita kaɗai a gaban Habashawa. Ta Janar Dabormida ta ratse cikin wani kwari. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu mai iya kai wa wani gudunmawa. Kafin faɗuwar rana an kashe musu mutum fiye da 6,000, har da janar biyu, an kama kimanin 3,000. Habashawa ma sun yi asarar dubbai.

Abin Da Ya Biyo Baya

Gwamnatin Kirisfi ta faɗi cikin kwanaki. A watan Oktoba na 1896 Italiya ta sa hannu a Addis Ababa ta amince da cikakken 'yancin Habasha, amma Iritiriya ta zauna a hannunta, domin Menelik ba shi da abincin da zai ƙetare iyaka da shi. Musolini ya dawo ramuwa a 1935, ya mamaye ƙasar, har 1941 da aka kore shi. Cikin waɗanda suka kore shi akwai sojojin Nijeriya, da yawansu 'yan Arewa, waɗanda suka taso daga Mogadishu suka shiga Harar.

Kammalawa

In muka waiwayo gida za mu ga akasin haka. Lugga ya ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, Bauci a 1902, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan Burmi a Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, Allah Ya ji ƙansa. Kakanninmu ba su rasa jarumta ba. Abin da suka rasa shi ne bindigar zamani da haɗuwa a fage guda, kowane birni ya tari Nasara shi kaɗai, kamar yadda rundunonin Baratiyeri suka tari Menelik. Ina roƙon malamai, in sun zo koyar da zuwan Turawa, su jera wa ɗalibai Adwa da Burmi tare, su bar su su kwatanta da kansu.