Minti 26 Tsakanin Inuwa da Agogo

Kafin ƙarni na ashirin, manomin Dambatta ko Bichi ba shi da wata hulɗa da ƙarfe goma sha biyu. Rana ce ke raba masa yini: hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Liman kan auna inuwarsa da ƙafa domin tabbatar da shigar lokaci, kuma kowane gari da tasa tsakar ranar.

Jirgin ƙasa ne ya zo da wani lissafin. Dogo ya iso Kano a 1911, jirgi kuwa ba ya tafiya da inuwar kowa. Dukkan tashoshi sai agogo ɗaya. A 1919 Turawan mulki suka tsayar da Nijeriya a kan sa'a ɗaya gaba da Girinwic ta Ingila. Wannan lokaci na layin digiri 15 ne, wanda ya ratsa ta wajen Injamena, alhali Kano na digiri 8 da rabi. Shi ya sa har yau agogon Dambatta ke gaban ranarta da kimanin minti 26, zawali kuma sai wajen sha biyu da rabi.

Duk da haka, daƙiƙar wancan agogon daga juyawar duniya aka yanko ta, juyawar kuma ba ta da tabbas: takan ɗan yi nawa, takan ɗan yi sauri. A 1955 Louis Essen ya ƙera agogon ƙwayar zarra ta siziyam a Ingila, a 1967 kuma aka ayyana daƙiƙa da kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da wannan ƙwaya ke amsawa. Lokacin da ke kan wayar mai sayar da gero a kasuwar Dambatta, silsilarsa can take komawa.

Yanzu siziyam ma ya kusa sauka. A 2001 Hidetoshi Katori na Jami'ar Tokyo ya kawo dabarar amfani da sitirontiyam, sinadarin da ya samo sunansa daga wani ƙauyen Sikotlan, Strontian. Ana sanyaya ƙwayoyinsa da hasken leza har su kusa daina motsi, sannan a gitta haske da haske a samar da gurabe jere kamar ramukan dara, a zaunar da dubbansu ciki. Matsalar ita ce hasken da ya riƙe ƙwaya yakan gurɓata bugunta. Gwanintar Katori a nan take: ya gano launin haske guda, wajen nanomita 813, da ke riƙewa ba tare da taɓa lissafin ba. Kaɗawar da ake ƙirgawa ta kai kusan tiriliyan 429 a daƙiƙa, kuma irin wannan agogo sai ya haura shekara biliyan 15 bai kuskure daƙiƙa ɗaya ba. A 2022 ayarin Jun Ye a Kolorado ta Amurka ya auna da shi yadda lokaci ke bambanta tsakanin wurare biyu da tazarar tudunsu milimita ɗaya ce kacal, kamar yadda Einstein ya hango.

A shekarar ne kuma babban taron awo na duniya a Faransa ya sa 2030 a gaba domin sake ayyana daƙiƙa, ya kuma amince a daina, nan da 2035, ƙara daƙiƙar cike giɓi da ake yi tun 1972 don agogo ya jira duniya. Sau 27 aka ƙara ta. Jadawalin salla da ke manne a masallatan Makoɗa da Kunci dai daga rana ake lissafo shi, sannan a fassara shi zuwa ƙarfe.