Ruwan Da Ya Baro Fagen Yaƙi Ya Shiga Haƙorinka

Yau tarihin ruwan da likita ke wanke saiwar haƙori da shi zan ba ku.

A 1915, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ruɓewar rauni tana ta hallaka sojoji a Faransa. Sai masanin sinadarai ɗan Ingila, Henry Dakin, da likitan fiɗa Alexis Carrel suka fito da ruwan wanke rauni mai kusan kashi 0.5 cikin 100 na sodiyam haifokulorait. Eh, sinadarin nan dai na bilic!

Bayan yaƙi, likitocin haƙori suka ɗauke shi. Me ya sa? Ramin saiwar haƙori siriri ne mai rassa, allurar kankara ba ta kai ko'ina. Ruwan kuwa zai ratsa, ya kashe ƙwayoyin cuta, ya narkar da matacciyar jijiya.

A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa suka nuna muhimmancin haka. Sun huda haƙoran ɓeraye har zuwa jijiya. Waɗanda aka raina babu ƙwayoyin cuta sun warke, sauran kuwa jijiyar ta mutu, ta tara mugunya.

Shi ya sa nake cewa kar ka yi gaggawar cire haƙori, sau da yawa wankin yana cetonsa. Amma don Allah kar wani ya kurkure baki da bilic, yana ƙona nama. Likita ma sai ya killace haƙorin da roba tukuna.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.