Yadda Tururi Ya Ja Jirgin Ƙasa, Ya Kuma Ba Da Wutar Lantarki

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Tsiga, ƙaramar hukumar Bakori, ya ce dattawa kan ba su labari wai jirgin da ke kwasar auduga a Funtuwa da ruwa da gawayi yake tafiya. Yana son sanin ko ruwa na iya tuƙa inji, kuma ko gaskiya ne ana samun lantarki ta wannan hanya.

AMSA: To malam, dattawan nan ba su yi maka ƙarya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau kuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kwal ɗin Inugu jiragen wancan zamani suke ci. Sai dai ƙarfin ba daga ruwan yake fitowa ba, daga wuta yake. Ruwa ɗan aike ne kawai.

Ka lura da murfin tukunya yana rawa idan ruwa ya tafasa. Ruwa in ya zama tururi yakan nemi wuri fiye da ninki 1,600 na wanda yake ciki. In aka kulle shi cikin tukunyar ƙarfe ya rasa mafita, sai ya yi ta tunkuɗa da ƙarfi, a buɗe masa hanya guda ya tura sandar da ke juya ƙafafun jirgi. Wannan tukunya ita ce zuciyar injin, kuma in aka bar ruwanta ya ƙafe tana iya fashewa ta kashe mutane.

Wani Bature a Ingila, Thomas Newcomen, ya ƙera irin wannan inji a 1712 don janye ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai, amma ya cika cin gawayi. A 1769 James Watt ya yi rajistar gyaran da ya yi masa, inda ya ware wurin sanyaya tururi daban, cin makamashi ya ragu ƙwarai.

A 1824 wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya gano dokar abin. Zafi ba ya aiki sai yana gangarawa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, kamar yadda ruwan rafi ba ya gudu sai da gangare. Iyakar tazarar da ke tsakaninsu, iyakar aikin da za a samu, kuma dole wani kaso ya salwanta komai gwanintar maƙeri. Shi ya sa tsoffin jirage ba sa cin moriyar ko kashi 10 cikin 100 na zafin kwal ɗinsu, har na dizal suka zo suka ture su.

Batun lantarki kuwa, a 1884 Charles Parsons ya ƙera farfelar da tururi ke juyawa, ita kuma ta juya janareto. Tashar Oji Riba kusa da Inugu ta fara aiki da kwal a 1956. Ta Egbin a jihar Legas, mai injuna 6 da aka gina don ba da megawat 1,320, gas take ƙonawa ta dafa ruwa. An kafa ta a bakin ruwa ne don a samu abin sanyaya tururin. Duk da haka irin waɗannan tashoshi kashi 30 zuwa 40 cikin 100 kawai suke mayarwa lantarki.

Tukunyar ba ruwanta da abin da aka hura wutar da shi. Yadda masu mazarƙwaila a wajejen Ɗanja ke dafa ruwan rake da tuƙarsa, haka manyan masana'antun sukari ke ƙona tuƙar su tayar da tururi, su sami wutarsu. Ke nan karan dawa da ɓuntun shinkafar da kake cinna wa wuta a banza su ma makamashi ne.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.