Filin Golf na Likomba da Unguwar New Bell: Tarihin Ƙasa da Masu Ita

Mai tasowa daga New Bell a birnin Douala, idan ya ƙetare gadar kogin Wouri ya ratsa Bonaberi, ya kuma tsallaka kogin Mungo, zai isa garin Tiko bayan tafiyar kimanin kilomita 50. A nan filin golf na Likomba yake, mai ramuka 18, a tsakiyar gandayen ayaba da roba na kamfanin CDC, ga dutsen Kamaru da ya haura mita 4,000 yana tsaye ta yamma. Ma'aikatan bankuna da kamfanoni na Douala sun daɗe suna yin wannan tafiya a ƙarshen mako, filin kuma ya sha karɓar baƙuncin babbar gasar golf ta ƙasar. A zahiri babu abin da ya haɗa wannan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da lungunan New Bell, inda gidaje ke jingine da juna. Tarihi kuwa ya haɗa su, domin dukansu sun samo asali daga tambaya ɗaya da Turawan mulkin mallaka suka yi ta amsawa da ƙarfin tsiya: wa zai zauna a ina?

Wasan da bukatarsa

Golf ya yi girma ne a gaɓar tekun Sikotland, a kan tudun rairayi da ba ya noma. A 1457 majalisar ƙasar ta haramta shi saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. An rubuta dokokinsa na farko a 1744, sannan a 1764 aka rage ramukan filin St Andrews daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi daga baya. Manufar wasan mai sauƙin faɗi ce: a jefa ƙaramar ƙwallo cikin rami mai faɗin milimita 108 da mafi ƙarancin bugu, ba tare da ɗan wasa ya riƙe sanduna fiye da 14 a jakarsa ba. Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade wa gwani, uku ko huɗu ko biyar gwargwadon tsawonsa, jimillarsu a cikakken fili takan kama 70 zuwa 72.

Sai dai wasa ne mai cin ƙasa. Filin gasa yakan kai tsawon kilomita 6 idan aka haɗa ramukansa, yakan kuma lashe hekta 50 ko fiye. A irin wannan fili za a iya yanka filayen ƙwallon ƙafa kusan 70. Saboda haka tarihin kowane filin golf a Afirka yana farawa ne da labarin yadda aka samu ƙasar.

Douala: filin da aka bari babu kowa

Sarakunan Duala na gidajen Bell da Akwa sun sa hannu a yarjejeniya da Jamusawa a Yulin 1884, bisa fahimtar cewa ƙasar da suke zaune a kai tana nan a hannunsu. Daga 1910 hukumar Jamus ta fara shirin tashin su daga tudun bakin kogi. Hujjar da aka kafa ita ce lafiya. Tun da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka, irin su Hans Ziemann a Kamaru, suka riƙa cewa maganin Bature shi ne ya nisanci baƙar fata. Aka tsara a bar tazarar kilomita guda babu gini tsakanin unguwar Turawa da sababbin matsugunan 'yan ƙasa. Ɗaya daga cikin matsugunan shi ne New Bell.

Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus, ya ƙi amincewa, ya kai kuka har majalisar dokoki ta Berlin. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din a ranar 8 ga Agusta 1914. Ba a cika wata biyu ba birnin ya faɗa hannun sojojin Ingila da Faransa.

Mutanen Bell ba su taɓa rungumar New Bell a matsayin gida ba. A zamanin Faransawa sai unguwar ta zama masaukin baƙi: Bamileke, da Basa, da Ewondo, da mutanen Yammacin Afirka, da Hausawa waɗanda tun zamanin Jamus suke saukowa da fataucin goro da shanu da tufafi, wasu kuma a matsayin sojoji. Malama Lynn Schler ta rubuta littafi sukutum a kan waɗannan baƙi, ta nuna yadda suka gina rayuwarsu a wurin da hukuma ta yi wa riƙon sakainar kashi. Unguwar Hausawa da masallatanta da mahautanta da masu tsire, wanda a can ake kira soya, duk a cikin wannan cunkoso suka kafu. Daga nan ne kuma tarzomar Mayun 1955 ta fi ƙamari, wadda ta kai ga haramta jam'iyyar UPC. Tazarar da Jamusawa suka bari kuwa, gine-gine sun cinye ta a hankali.

A Najeriya an bi wata hanya dabam da irin wannan fili. Tsarin Lugga, wanda dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa, ya tanadi yadi 440 babu gidan kwana tsakanin Turawa da sauran jama'a. Da yake ba a hana wasa a ciki ba, a garuruwa da dama irin waɗannan wurare suka koma filin sukuwa, ko na folo, ko na golf. Wato katanga ce da aka yi ta da ciyawa maimakon tubali.

Likomba: ƙasar gandu

Ƙasar da ke gindin dutsen Kamaru tana daga cikin mafi albarka a Afirka, saboda tokar aman wuta. A zamanin Gwamna Jesko von Puttkamer, daga 1895, kamfanonin Jamus suka mamaye ta, aka tura Bakweri da maƙwabtansu cikin ƙananan keɓaɓɓun yankuna. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta ƙwace gandayen, ta yi gwanjonsu a Landan a 1924, abin mamaki kuma yawancinsu suka koma hannun Jamusawan da aka karɓe wa. Yaƙi na biyu ya sa aka sake ƙwacewa, sannan a 1947 kamfanin CDC ya fara aiki a kan eka kusan 250,000.

Rayuwar gandu rayuwa ce mai hawa-hawa. Akwai barikin leburori, akwai gidajen akawuna, akwai unguwar manaja, kowane mataki da kulob ɗinsa. Filin golf yana saman wannan tsani. Shi ya sa aka same shi a Tiko, ƙaramin gari, alhali Douala mai tashar jiragen ruwa da tarin attajirai sai dai ta yi aro. Kafin 1 ga Oktoba 1961 ma kogin Mungo iyaka ce tsakanin Kamarun Faransa da ta Ingila, golf kuwa al'adar Ingilishi ce fiye da ta Faransawa.

Kore da ja: yadda yanayi ke tsara fili

Wanda ya saba wasa a Kano, idan ya je Tiko zai ga kamar wani wasa ne dabam. A gaɓar Kamaru ruwan sama na shekara yakan haura milimita 3,000, a Kano kuwa ba kasafai yake kai 1,000 ba. A wuri mai damshi aikin mai kula da fili shi ne yanka ciyawa da fitar da ruwa. Ƙwallo takan faɗi ta tsaya inda ta sauka, wanda kuma ya kauce hanya sai ya yi ta lalube cikin duhuwa.

A Arewa matsalar ita ce akasin haka. Kulob ɗin golf na Kano, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a Najeriya, ya shafe shekaru da dabarar da aka san filayen ƙasashe masu fari da ita: a kewayen rami, maimakon lallausar ciyawa, sai a shimfiɗa rairayi da aka cuɗa da baƙin mai. Kafin ɗan wasa ya yi bugun ƙarshe, ma'aikaci zai ja buhu ko wani faifan katako ya share masa hanya. Da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri kamar daɓe, ƙwallo ta yi ta gangara fiye da yadda mai ita ya nufa, ƙura kuma ta ɓoye tutar ramin. Amma rairayin yana da sauƙin kai ga wanda ya san shi, domin yana riƙe ƙwallo kuma ba ya da karkata mai yaudara. A kan irinsa ne, a filin Ikoyi na Legas, Peter Tupling ya kammala gasar Najeriya ta 1981 da bugu 255 a zagaye huɗu, adadin da ya daɗe ba a kamo shi ba. Vijay Singh ma ya ci wannan gasa a 1988 da 1989, kafin duniya ta san shi.

Abin lura ne cewa sarakunan Arewa ba su ɗauki golf da wuri ba. Folo suka ɗauka, tun daga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko zuwa ɗansa Usman Nagogo, domin doki ba baƙo ba ne a fada. Bin ƙwallo a ƙasa cikin rana bai yi kama da sarauta ba. Sai da manyan sojoji da 'yan kasuwa suka shigo, har aka buɗe filin IBB a Abuja a 1991.

Talaka kuwa ta ƙofar baya ya shiga, a matsayin ɗan dakon jaka. Yaron da ya yi shekaru yana tsintar ƙwallo yakan san kowane tudu da kwari fiye da maigidansa, kuma daga cikinsu ne yawancin ƙwararrun 'yan wasan Najeriya da Kamaru suka fito. Issa Nlareb, wanda ya taso a gefen filin Yaounde, ta haka ya fara har ya kai ga buga gasa a Turai. Cutar sanƙarau ta kama shi a 2018, ta raba shi da ƙafafunsa biyu da yawancin yatsunsa, amma ya koma wasa da ƙafafun roba.

Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, wanda ya tashi a ƙarshen 2016, ya taɓa Tiko sosai. An kai wa leburorin gandu hare-hare, gonakin ayaba da dama sun tsaya, CDC ta yi watanni tana kasa biyan albashi. A gefe guda kuma Bakweri ba su daina neman a amince cewa ƙasar gandayen tasu ce ba, ƙorafin da suka fara shigarwa tun 1946, shekara guda kafin kamfanin ya buɗe ofis.